Wata 14 ina hawa keke, har yanzu ji nake sojan gona ne ni

Malam, barka da ƙoƙari. Shekarata 43, nauyina kilo 95. Wata 14 da suka wuce likita ya ce jinina ya soma hawa, in nemi abin da zan riƙa motsa jiki da shi. Na karɓi wani tsohon keken ƙarfe da abokina ya jingine, aka gyara mini, na fara fita da sassafe. Ranar farko kilomita 4 na yi, na dawo ƙafafuna suna rawa. Yanzu sau uku nake fita a mako, kuma na taɓa yin kilomita 55 a fita ɗaya.

Wata uku ke nan da na shiga wata ƙungiyar masu hawa keke da ke fita ranar Asabar, kuma tun daga ranar na rasa sukuni. Kekunansu da yatsa biyu za ka ɗaga, kayan jikinsu iri ɗaya, rabin hirarsu ba na ganewa. Kullum ni ne a ƙarshe. Da an zo tudu sai su ɓace mini, in tarar da su a sama suna jirana. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana, sai dai mutum ɗaya da ya ɗaga kekena ya yi dariya ya ce wannan ai tankar yaƙi ce. Rannan a wurin aiki wani ya ce, "Ashe kai ɗan keke ne?" Sai na ji bakina ya ce, "A'a, ina dai ɗan taɓawa." Nan da mako takwas za su yi tafiyar kilomita 100, har sun sa sunana. Ji nake ranar ce asirina zai tonu. In janye in koma hawana ni kaɗai, ko in tara kuɗi in sayi irin kekensu tukuna?

Mai tsohon keke

Ɗan'uwa, sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman inda ka yi sojan gonar, ban gani ba. Sojan gona shi ne wanda ya sa kaki alhali bai taɓa taka bariki ba. Kai kuwa ka yi aikin, kakin ne ka ƙi sawa. Sau uku a mako har wata 14, ko da ka tsallake makonni da yawa, ka fita fiye da sau 100. Mutumin da ya bar shimfiɗarsa da sassafe fiye da sau 100, ya tashi daga kilomita 4 ya kai 55, shi ne aka tambaya ya ce yana ɗan taɓawa. In wannan taɓawa ce, ban san me ake kira kamawa ba.

Abin da ke damunka yana da tarihi. A 1978 wasu mata biyu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka fitar da abin da suka gani a wurin mata fiye da 150 da suka yi fice a karatu da aiki. Ga digiri, ga lambobin yabo, amma kowacce a ranta gani take yaudarar mutane ta yi, sa'a ce ta kai ta inda take, ko kuskure aka yi aka zaɓe ta, kuma wata rana za a gano. Daga baya aka ga maza ma haka suke fama. Ba cuta ba ce da likita zai rubuta wa magani. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne ƙarin nasara ba ta kashe wannan tunani. Kowace sabuwar nasara sai zuciya ta nemo mata wani dalili da ba mai ita ba. Ka duba yadda ka rubuto mini naka: kilomita 55 ɗin ka ba ta rabin layi, dariyar mutum ɗaya kuwa ka kawo ta da kalmominta cif.

Shi ya sa zan fara da maganar sayen keke, in ce maka kada ka saya yanzu. Ba don sabon keke ba shi da daɗi ba, yana da shi, kuma ran da ka so shi don kanka ka saya. Amma in ka saye shi a matsayin katin shiga, ranar da aka bar ka a tudu kana kansa zuciyarka za ta ce, ga mai tsadar keke da ba ya iya hawa, abin ya fi na da ciwo. Na san haka don na yi. Shekarar da na sayi takalmin nan da ke maƙalewa a feda don in yi kama da mutane, a fitata ta biyu na zo mahaɗa na tsaya, na manta ƙafata a kulle take, na faɗi gefe guda a hankali kamar an sare bishiya, a gaban mutum goma sha wani abu. Da na tashi sai kowa ya fara ba ni labarin ranar da shi ma ya yi irin wannan faɗuwa. Kusan duk wanda ya sa takalmin ya yi ta.

Yanzu mu raba abu biyu da ka cuɗa wuri ɗaya. Akwai hukuncin da kake yanke wa kanka, akwai kuma dalilan da suke sa a bar ka a baya. Na biyun lissafi ne, kuma yawancinsa yana gyaruwa.

Tudu ba ya duba zuciyar mutum, nauyi yake aunawa. Kai da kekenka, in muka ce keken kilo 14 ne, kun kai kilo 109. Wanda ke gabanka mai kilo 70 a kan keke mai kilo 8, kilo 78 yake ɗagawa. A tudu mai tsauri, in ƙarfin ƙafarku ɗaya ne daidai, zai fi ka sauri da wajen kashi 40 cikin 100. Ka lura, ƙarfinku ɗaya na ce. Wato yana yiwuwa ka isa sama a ƙarshe alhali ka fi wasu daga cikin masu jiranka zuba ƙarfi. Ka kuma lura da rabon keken a wannan lissafi: bambancin kilo 31 ne tsakaninku, na keke kilo 6 ne kawai a ciki. Ko hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ba ta yarda keken gasa ya gaza kilo 6.8 ba, don haka iyakar abin da kuɗi za su sauke maka ke nan, kilo 7 ko kusa da haka. Tankar yaƙinka ba ita ce babbar mai laifi ba.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma nauyi ya rage magana, iska ce sarauniya. Da gudu ya haura kilomita 20 zuwa 25 a awa, mafi yawan ƙarfin da kake zubawa ture iska yake yi. Wanda ya laɓe daf da bayan wani yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har zuwa ɗaya cikin uku, na wahalar. Wannan ne ya sa masu keke suke tafiya a dunƙule kamar ayari. To ga abin da nake zargi, in na yi kuskure ka gyara mini. Kunya ta sa kullum kake zaɓar ƙarshen layi, tsoron kada ka taɓa tayar wani ya sa kake barin tazarar keke uku ko huɗu. A wannan tazara ba ka cikin inuwar kowa, iskar duka kai kake sha. Ƙarshen layi kuma shi ne wuri mafi wahala, domin duk lokacin da na gaba suka rage gudu a kwana suka sake tashi, na ƙarshe ne yake taka birki fiye da kowa, ya kuma murza fiye da kowa kafin ya kamo. Kafin a iso tudu ka riga ka ƙone, su kuwa hira suke. Sai ka ɗauki gajiyar a matsayin shaidar cewa ba ka isa ba, mako mai zuwa kunya ta ƙara tura ka baya. Kunyar ce take ƙera hujjar da take kafawa da ita.

Maganinsa ka nemi mutum ɗaya mai natsuwa a cikinsu, kowace ƙungiya tana da irinsa, yawanci wani dattijo da ba ya yawan magana, ka ce masa ya koya maka bin taya. Ku fara da tazarar keke guda a hanyar da ba cunkoso, idonka a kan kafaɗarsa da abin da ke gabansa, kada ka ƙura wa tayarsa ido, kada kuma tayarka ta gaba ta shiga gefen tasa ta baya, don nan faɗuwa take. Yatsunka a kan birki, amma ka riƙa rage gudu da sassauta feda kafin ka kai ga matse shi. In an doshi tudu, ka matsa gaba tun kafin a fara hawa. Za su wuce ka ɗaya bayan ɗaya, ba komai, kafin na ƙarshe ya wuce ka an ci rabin tudun. Manyan masu jiki a gasar ƙwararru ma dabarar da suke yi ke nan.

Sai giyar keke. Yawancin 'yan koyo suna ganin sauka zuwa giya mai laushi kasawa ce, sai su tsaya a mai tauri suna niƙa feda sau 50 ko 60 a minti har cinya ta mutu. Ƙwararru sun fi juyawa sau 80 zuwa 90. Ƙirga ƙafarka ta dama na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu, za ka san inda kake. Ka sauya giya tun kana gindin tudu, kafin sarƙa ta ɗauki nauyi. In giyarka mafi laushi ma ta yi maka tauri, mai gyaran keke zai iya sa maka faifan baya mai manyan haƙora, kuma wannan ƙaramin gyara zai fi yi maka amfani a tudu fiye da rabin abin da kake sha'awa a kekunansu. Ka duba sirdi ma: in ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa yana cin gwiwa, yana satar ƙarfi.

Mu dawo kan masu jiranka a saman tudu. Kai kana hango mutanen da ka ɓata wa lokaci. Ni da na sha tsayawa a irin wannan wuri, zan gaya maka abin da ake yi: shan ruwa, maida numfashi, da godiya a ɓoye cewa an sami dalilin tsayawa. A shekarar 2000 Thomas Gilovich da abokan aikinsa suka fitar da wani gwaji da suka yi da ɗaliban jami'ar Cornell ta Amurka. An sa wa ɗalibi riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, aka tura shi ɗakin da ke da mutane, sannan aka tambaye shi mutum nawa yake jin sun lura. Masu rigar sun yi zaton wajen rabi. Waɗanda suka lura ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kowa da kansa ya damu. Wanda kake jin yana auna ka, ƙila tunanin ciwon bayansa yake yi. Kuma kada ka manta da abu mafi girma a wasiƙarka, wanda ka wuce shi a guje: su suka sa sunanka. Wata uku suna ganin gudunka, sun san inda kake tsayawa, sun san kekenka. Wane asiri ne ya rage da zai tonu?

Mai maganar tankar yaƙi, ban san zuciyarsa ba, amma na fi zaton zolaya ce, irin wadda ake yi wa wanda aka fara sabawa da shi. In ya sake, ka ce masa ku yi musaya zuwa saman tudu na gaba. Ba na musun cewa akwai masu tsare ƙofa a wannan harka, masu auna mutum da kuɗin kekensa. An yi waɗanda suka fi su muni. A 1894 babbar ƙungiyar masu keke ta Amurka ta hana baƙaƙen fata zama 'ya'yanta. Shekara biyar bayan haka, a 1899, wani baƙar fata, Major Taylor, ya zama zakaran duniya a gajeren tseren keke a birnin Montreal na Kanada. Wannan ƙofa ce da aka rufe da gaske, daga waje. Taka a buɗe take, har ana miƙo maka hannu, kai ne ka tsaya a bakinta kana neman izini.

Zuwa na ƙarshe ma yana da daraja a gidan keke, abin da ba kowane wasa ke da shi ba. A karon farko na Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, a 1903, mutum 60 suka tashi, 21 suka gama. Wanda ya ci, Maurice Garin, asalin sana'arsa sharar bututun hayaƙi ce. Na ƙarshe, Arsène Millocheau, ya iso da tazarar kusan awa 65 tsakaninsa da Garin, kuma har yau sunansa na cikin tarihin gasar, waɗanda suka sauka a hanya kuwa sai mai bincike. Faransawa suna kiran na ƙarshe da jar fitila, irin wadda ake ratayawa a bayan taragon ƙarshe na jirgin ƙasa don a san jirgin ya wuce cikakke ba abin da ya tsinke. Wani ɗan Beljiyam, Wim Vansevenant, ya riƙe ta sau uku a jere, 2006 da 2007 da 2008, kuma ba wanda ya taɓa cewa shi ba ɗan keke ba ne.

Ita kanta kalmar da ta maƙale maka a maƙogwaro, ka tambayi kanka me kake nufi da ita. Mutanen Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirga a kan keke ake yi, kalma biyu gare su. Wanda ya hau da kayan aikinsa zai je ofis ko ya kai yaro makaranta suna ce masa fietser, ɗan tsere mai matsattsun kaya kuma wielrenner. Na farkon su ne miliyoyi, ba kuma wanda yake ganin su a matsayin na jabu. Kai ka ɗauki hoton na biyun, ka cire duk wanda bai yi kama da shi ba, har da kanka. Ko a cikin 'yan tseren ma kamannin ba sa tabbatar da komai. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, Anna Kiesenhofer 'yar Ostiriya, mai digirin digirgir a lissafi, ta shiga tseren mata ba ta cikin kowace ƙungiyar ƙwararru, ita take tsara wa kanta horo. Ta ɓalle tun farkon tseren, manyan suka ƙyale ta, har suka manta tana gaba. Annemiek van Vleuten ta Holan ta iso ta ɗaga hannu tana murnar zinare, ashe ta biyu ta zo. Ban kawo wannan don in ce za ka ci gasa ba, matar ta yi shekaru tana horo mai tsanani. Na kawo ne don ka ga ko ƙwararru sukan yi kuskuren gane wa ya kamata a lissafa da shi.

In kana amfani da Strava, manhajar waya da ke nuna nisa da gudun masu hawa, ko makamanciyarta, ka daina duba na mutane har bayan tafiyar. Lambar gudun da kake gani ba ta gaya maka ko a bayan mutum goma aka yi ta, ko iska ce ta turo mai ita, ko shekara nawa ya yi yana hawa. Naka na watan jiya kawai ya kamata ka duba.

Tafiyar kilomita 100, shawarata ka je, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da likitanka, tunda maganar hawan jini ce ta kawo ka, ka gaya masa nisan da awannin, musamman in kana shan magani. In ya amince, mako takwas sun isa ga wanda ya taɓa yin 55. Ka ware fita ɗaya a mako ta zama doguwa, kana ƙara kilomita 5 zuwa 8 kowane mako, da gudun da za ka iya yin magana a cikinsa, har ka kai 75 ko 80. Ba sai ka yi 100 ɗin kafin ranar ba, ayari zai ja maka ragowar. Makon ƙarshe ka rage sosai ka huta. A gudun kilomita 20 a awa, awa biyar za ka yi a kan sirdi, don haka mazaunai da wuya da tafin hannu za su riga ƙafa yin ƙorafi. In akwai abin da zan ce ka kashe wa kuɗi, wando mai soso ne, bayan hular kwano da nake fatan kana da ita. Ka riƙa cin ɗan abu mai sitaci ko zaƙi duk bayan minti 45 zuwa awa guda tun kafin yunwa ta zo, domin abin da tsoka ta tara ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki sosai, kuma ran da ya ƙare ƙafa takan mutu farat ɗaya, mutum ya zaci raggonci ne. Ruwa ma haka, kurɓi-kurɓi tun da wuri. Ka koyi cire taya da yin faci a gida, hankali kwance, sau biyu ko uku. Ban san abin da ke sa mutum ya ji keke nasa ne kamar ranar da tayarsa ta sace a hanya ya gyara da hannunsa ba. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, waɗannan ba a yi musu jarumta, a sauka a nemi likita.

Kafin ranar ka kira mai jagorantar tafiyar ka yi masa tambaya uku kai tsaye: wane gudu za a yi, ina za a tsaya, kuma akwai mai rakiyar na baya? In ya ce kowa tasa ta fisshe shi, to wannan tafiyar ba taka ba ce a bana, ka nemi mutum biyu masu irin gudunka ku yi taku, kilomita 100 ɗin ba ta san da wa aka yi ta ba. Hawa kai kaɗai ma ba aibu ba ne, akwai waɗanda suka shekara 30 a haka suna jin daɗinsu. Abin da ba na so shi ne ka koma kaɗaici a guje, don wanda kake gudu zai hau bayanka ku tafi tare.

Ba zan yi maka alkawarin cewa ran da ka gama 100 ɗin wannan murya za ta yi shiru ba. Wataƙila ta ce ai a bayan mutane ka laɓe, ko ai hanyar ba tudu sosai. Tawa har yanzu takan yi magana in na tsaya a layi kusa da samari masu siraran ƙafafu, sai dai na daina ba ta amsa, ina ɗaure hulata tana surutunta. Shi kuwa abokin aikin nan naka, in ya sake tambaya, ba sai ka ce masa kai ɗan komai ba ne in kalmar ta yi maka nauyi. Ce masa, "Eh, sau uku nake fita a mako." Ranar Asabar kuma ka je da wuri, ka sami dattijon nan kafin a tashi, ka tsaya na uku ko na huɗu a layi.